Mece ce nasara ta gaskiya? Abin da Kiristoci ke koyarwa a kan ƙarfin Allah da arziki

Duk wanda ya yi sammako ya shiga babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako ta Yamai, ya san kalmar da ta fi yawo a bakin mutane kafin a yi cinikin fari: Allah ya ba da sa'a, Allah ya kawo kasuwa. Babu mai shimfiɗa hajarsa don ya faɗi. Kowa nasara yake nema, kuma kowa ya san ba wayonsa kaɗai zai ba shi ita ba.

To amma wannan neman ya buɗe wata kasuwa ta daban. Mu da ke aiki a gidan radiyo muna jin tallarta, kuma yanzu tana shigowa har cikin wayoyinku: daren addu'a na buɗe ƙofofin arziki, man shafawa mai kawo masu saye, ruwan da za a yayyafa a bakin shago. Wani da sunan coci yake zuwa, wani da sunan malanta, wani da bokancinsa a fili. Jarin mace mai tuyar ƙosai bai fi ƙarfin irin wannan kira ba, musamman ranar da bashi ya taso ta gaba.

Yau mun ɗauki ɓangare guda na wannan magana, wato na maƙwabtanmu Kiristoci. Bisa ƙidayar jama'a ta 2012 ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƴan Nijar ba, amma muna tare da su kullum: tela, makanike, mai sai da kayan mota, malamar asibiti, malamin lakwal. A tsakaninsu akwai muhawara mai zafi a kan me ake nufi da ƙarfin Allah, da kuma wane ne ya ci nasara a duniya. Muhawarar ta shafi aljihun kowa, don haka ya dace mu san ta.

Farkon da ya yi kama da asara

A shekarar 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar kai bishara cikin ƙasashen da Turawa ke kira Sudan a lokacin, wato har da ƙasar Hausa. Kafin shekarar 1894 ta ƙare, ciwo ya kashe Gowans da Kent. Bingham ya koma gida ba tare da ya samu mabiyi ko ɗaya ba. Ya sake dawowa, ciwo ya sake korar shi. Sai a 1902 aka kafa masaukin farko a Patigi, bakin kogin Kwara. In da lissafin kasuwa za a yi, wannan fatauci ne da ya cinye uwar kuɗi da mai ita.

Ƙungiyar da ta fito daga wannan tafiya, wadda aka sani da SIM, ita ce ta shigo Damagaram a 1924, daga baya ta zauna a Tsibiri kusa da Maraɗi. A 1931 ƴan Katolika suka buɗe mishan a Yamai. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. A farkon shekarun 1960 Kiristoci ƴan ƙasa suka tsayar da majami'arsu da ake kira EERN, inda har ake wa'azi da waƙa da Hausa. A 2001 kuma aka kafa wa Katolika bishop a Maraɗi.

Shekaru ɗari ke nan, kuma yawansu bai kai kashi ɗaya ba. Wannan ya sa tun da wuri tsofaffin majami'un ƙasar nan suka saba da tambayar kansu: in ba yawa ba ne, in ba kuɗi ba ne, to da me za a auna aikin?

Abin da suke kira ƙarfin Ruhu

Kiristoci sun gaskata cewa mutum da ƙarfinsa kaɗai ba ya iya yin rayuwar da Allah ke so, sai Allah ya ba shi ƙarfi daga wurinsa. Wannan ƙarfi suna danganta shi da Ruhu Mai Tsarki. A nan akwai bambanci babba da Musulunci, kuma ba ma ɓoye shi: malaman Musulunci suna fassara Ruhul Ƙudusi da Mala'ika Jibrilu, Kiristoci kuwa suna ɗaukar Ruhu Mai Tsarki a matsayin Allah da kansa yana aiki cikin zuciyar mai bi. Aikinmu a nan shi ne mu faɗi abin da suke koyarwa yadda yake.

Tushen maganar yana cikin littafin Ayyukan Manzanni, sura ta 2. Almajiran Yesu, wanda Musulmi suka sani da Annabi Isa, kimanin mutum 120, suna zaune a Urushalima. Bitrus, babbansu, masunci ne, kuma ƴan makonni kafin nan tsoro ya sa ya yi musun sanin ubangidansa har sau uku. Littafin ya ce ranar idin Fentikos Ruhu ya sauko musu, sai ga Bitrus ɗin nan ya miƙe gaban taro yana magana ba shakka, har mutum wajen 3,000 suka bi. Abin lura shi ne, ba a ce ya samu jirgin kamun kifi sabo ba. A sura ta gaba ma, da wani gurgu ya roƙe shi sadaka, ya shaida masa ba shi da kuɗi. Abin da ya samu shi ne ƙarfin zuciya da tsayawa kan abin da ya gaskata, kuma daga baya wannan tsayawa ta kai shi kurkuku.

Labari na biyu ya fi kusa da kasuwa. A sura ta 8 an ba da labarin wani mai sihiri a Samariya mai suna Siman. Da ya ga abin da ke faruwa ta hannun manzanni, sai ya fiddo kuɗi ya ce a sayar masa da wannan iko. Bitrus ya tsawata masa da kakkausar murya, ya nuna masa baiwar Allah ba abin ciniki ba ce. Daga sunan wannan mutum aka samo kalmar simonie a Faransanci, wato laifin sayar da abin ibada da kuɗi. Ke nan tun ƙarni na farko majami'a ta san wannan cuta, daga baya kuma ta ba ta suna.

Na uku shi ne Bulus, wanda ya rubuta wasiƙu da yawa na Sabon Alkawari. A wasiƙarsa ta biyu ga mutanen Koranti, sura ta 12, ya ce yana da wata damuwa a jikinsa da ya kwatanta da ƙaya. Sau uku ya roƙi a cire masa ita, ba a cire ba. Amsar da ya ce ya samu ita ce alherin Allah ya ishe shi, kuma ikon Allah ya fi bayyana a inda mutum ya gaza. Akwai wata aya ta wasiƙarsa ga Filibiyawa, sura ta 4, da ake yawan liƙawa a bayan mota da ƙofar shago, mai maganar iya yin komi da ƙarfin Almasihu. Wanda ya karanta ayoyin da ke gabanta zai tarar a tsare Bulus ya rubuta ta, kuma abin da yake cewa ya iya shi ne zama da ƙoshi da zama da yunwa, da samu da rashi, ba tare da zuciyarsa ta karye ba. Mu Hausawa mun san wannan da wadatar zuci.

Saboda haka, a koyarwar da ta daɗe, alamar ƙarfin Ruhu hali ne. Wasiƙar Galatiyawa, sura ta 5, ta lissafa halaye tara da ta kwatanta da ƴaƴan itace, cikinsu har da ƙauna, haƙuri, riƙon amana da kamun kai. Babu mota a jerin, babu gidan sama.

Daga ina bisharar wadata ta fito?

Majami'un da ake kira na Fentikos, masu ba da ƙarfi ga warkarwa da addu'a mai zafi, suna ɗaukar tarihinsu na zamani daga wani taro da aka fara a 1906 a titin Azusa, birnin Los Anjeles na Amurka. Jagoransa William Seymour baƙar fata ne, ɗan bayin da aka ƴanta, kuma talakawa ne suka cika wurin. Ba da maganar kuɗi aka fara ba.

Bayan yaƙin duniya na biyu ne wasu masu wa'azi a Amurka, irin su Oral Roberts da Kenneth Hagin, suka yaɗa koyarwar cewa lafiya da dukiya haƙƙin mai bi ne tun a nan duniya. Roberts ne ya shahara da maganar iri: ka ba da kuɗi don aikin Allah kamar mai shuka, ka sa ran girbi ninki ba ninki. A Najeriya, Benson Idahosa na birnin Benin, wanda ya rasu a 1998, shi ne ya fi kowa buɗe wa wannan koyarwa hanya, kuma daga can ta bazu cikin Afirka ta Yamma ta kaset da talabijin da matafiya.

Ba abin mamaki ba ne ta samu masu saurare. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, aka wayi gari kayan waje sun ninka kuɗi. Naira ta yi ta faɗuwa tana jan ƴan kasuwar bakin iyaka. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 takunkumin CEDEAO ya tsayar da motoci har zuwa Fabrairu 2024. Kafin wannan duka, gobarar 1982 ta cinye babbar kasuwar Yamai. Wanda ya ga jarin shekara goma ya narke a wata uku, in aka ce masa ga hanyar da Allah zai mayar masa ninki ɗari, dole kunnensa ya tashi.

A yi adalci, masu wannan koyarwa suna da abin cewa. Suna cewa talauci ba ibada ba ne, kuma Allah mai arziki ne, ba ya jin daɗin ganin bayinsa cikin yunwa. Da yawa daga majami'unsu suna hana shan giya da neman mata, suna koya wa matasa tsabta, tanadi da riƙe sana'a. Magidancin da ya bar giya, kuɗin cefane ya ƙaru a gidansa, wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Inda gizo ke saƙa shi ne wurin da aka mayar da bayarwa ciniki. Mu ɗauki misali. Mace ce mai jarin jika 20, tana sai da tumatir da albasa, ribarta a rana ba ta wuce jika 1 ba. Aka ce ta shuka iri na jika 10 don kasuwa ta buɗe. Ta cire rabin jari ta bayar. Gobe kayan da za ta saro rabi ne, ribar ma rabi. Zubin adashe ya zo, babu. In ta koma ta ce ba ta ga canji ba, sai a ce bangaskiyarta ce ta yi kaɗan, ta ƙara. Mai karɓa ba ya taɓa yin asara a wannan lissafi: in ta samu, addu'arsa ce, in ta rasa, laifinta ne. Ta yi asarar kuɗi, an kuma ɗora mata zargin kanta a kai.

Kiristoci da kansu ne suka fi kowa sukar wannan. A 2008 da 2009 malaman tauhidi na Afirka suka zauna a Akropong, ƙasar Gana, ƙarƙashin ƙungiyar Lausanne, suka fitar da matsaya. Sun yarda Allah yana yin mu'ujiza kuma yana kula da cin mutum da shansa, amma sun ƙi yarda a ce dukiya ita ce ma'aunin bangaskiya, ko a ce ana sayen albarka da baiko. A 2010 babban taron Lausanne a Kef Tawun na Afirka ta Kudu, mai wakilai wajen 4,000 daga ƙasashe kusan 200, ya nanata haka. Shi kansa Hagin, a shekarar 2000, ya fitar da littafi yana gargaɗin almajiransa a kan wuce gona da iri wajen neman kuɗi.

Ƴan kasuwa a cikin Littafin

Kada a ɗauka Kiristanci yana ƙyamar ciniki. Ayyukan Manzanni sura ta 16 ta kawo Lidiya, ƴar kasuwa mai sai da tufafin shunayya masu tsada a birnin Filibi, wadda ta buɗe gidanta ta saukar da Bulus da abokan tafiyarsa. Sura ta 9 ta kawo Dokas, maɗinkiya, wadda ranar da ta rasu gwauraye mata suka taru suna kuka suna nuna rigunan da ta ɗinka musu. Bulus kansa ɗinkin tanti yake yi a Koranti, don kada ya zama nauyi a kan masu saurarensa. Sura ta ƙarshe ta littafin Karin Magana ta yabi macen da ke sayen gona, tana saƙa tana sayarwa, tana kuma miƙa hannu ga matalauci.

Abin da Littafin ya tsananta a kai shi ne mudu. Karin Magana sura ta 11 ta buɗe da cewa Allah yana ƙin ma'aunin zamba. Annabi Amos ya yi kaca-kaca da masu ƙaramin mudu wajen sayarwa, masu haɗa hatsi da ƙaiƙayi. Musulmi mai karatu zai tuna da surar Alƙur'ani da ta yi kashedi ga masu tauye awo. A wannan gaɓa addinan biyu bakinsu ɗaya: tiyar da aka bubbuge gindinta ba ta kawo albarka, ko wace addu'a aka tofa mata.

Wasiƙar Yaƙub, sura ta 4, kamar da fatake take magana kai tsaye. Ta ja kunnen masu cewa gobe za mu gari kaza, mu shekara muna ciniki mu ci riba, alhali ba su san abin da gobe za ta haifa ba, ta ce su riƙa jingina shirinsu ga yardar Ubangiji. A Luka sura ta 12 kuma Yesu ya ba da misalin manomin da gonarsa ta yi albarka, ya ƙudura zai rushe rumbunansa ya gina manya, ya ce wa ransa ya huta ya more. A daren nan aka karɓi ransa. Ba a zarge shi da sata ba. Laifinsa shi ne a duk lissafinsa babu Allah, babu maƙwabci.

Akwai kuma labarin gwauruwar da ta jefa ƴan kuɗinta biyu na ƙarshe a akwatin baiko, a Markus sura ta 12, wanda masu neman iri ke son kawowa. Amma ayoyin da ke gab da shi, Yesu yana la'antar malaman addini masu cinye gidajen gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a. Wanda ya karanta na biyun ya tsallake na farkon, ya yi wa masu sauraro rowar rabin magana.

Kututturen da ke bakin hanya

In ana neman misali na kusa, ga shi a jihar Maraɗi. A 1981 wani masanin noma ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya zo da iyalinsa ƙarƙashin SIM don aikin dashen itatuwa. An yi gandun reno, an kai dashe ƙauyuka, an yi ban ruwa. Mafi yawansu suka mutu: rana, iska, awaki da gara suka gama da su. Manoma kuma ba su damu ba, don abin da ke gabansu hatsi ne.

Kamar yadda shi da kansa ya sha bayarwa, wata rana a 1983 yana kan hanyar ƙauye da dashe a mota, ya tsaya rage iskar taya saboda rairayi. Ya dubi fili fetal, ya ga aikinsa ya tashi a banza, sai ya roƙi Allah ya gafarta wa mutane ɓarnar da suka yi wa ƙasa, ya kuma buɗe masa ido. Nan ya lura da wani ɗan tsiro a gefen hanya. Da ya duba ganyen, sai ya gane ba ciyawa ba ce, itace ne da aka sare, saiwarsa tana da rai a ƙasa, tana tohowa duk shekara ana sake sassabe ta. Irin waɗannan kututture, na sabara da kalgo da sauransu, cike suke da gonaki.

Dubarar da ta fito daga nan ita ce manoma ke kira sassaben zamani: maimakon a sare duka tohon, a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a bari, a rage sauran, a kare su. Ba ta buƙatar kuɗi, wuƙa ko gatari sun isa. Da farko manoma kaɗan ne suka yarda, aka yi ta yi musu dariya. A yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci, mutane da yawa suka bar itatuwa a gonakinsu, amma da rabon ya ƙare akasarin itatuwan aka sare. Sau biyu ke nan aikin ya yi kama da faɗuwa.

Sai dai waɗanda suka bar nasu sun ga amfani: itacen girki kusa da gida, harawar dabbobi, kariya daga iskar da ke binne shuka, ga gawo da ke zubar da ganye da damina yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Rinaudo ya bar Nijar a 1999. Bayan tafiyarsa ne masu bincike, da hotunan sama da zagayen gonaki, suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da fili wajen hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin ƙasar, musamman Maraɗi da Damagaram. A 2018 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin, shekarar da aka ba Yakuba Sawadogo, manomin Burkina Faso.

Manoman da suka yi wannan aiki da hannunsu kusan dukansu Musulmi ne, kuma wasunsu sun gaji irin wannan hikima tun daga kakanni. Sassaucin da aka samu wajen dokar daji, har manomi ya ji itacen gonarsa nasa ne, shi ma ya taimaka ƙwarai. Amma ga Kirista, labarin yana nuna yadda yake fahimtar ƙarfin Allah: ya zo ne lokacin da dubarar mutum ta ƙare, bai zo da kuɗi ba, ya buɗe ido ne a kan abin da ke nan tun da can, kuma amfaninsa ya tafi ga mutanen da ba addininsu ɗaya da mai addu'ar ba. Duk macen da ke sai da itace ko ganyen miya daga irin waɗannan gonaki tana cin wannan riba.

Galmi, Danja da ranar gwaji

Masu fataucin albasa sun san Galmi, tsakanin Ƙwanni da Madawa. A can likita Burt Long ya buɗe asibitin mishan a 1950, kuma marasa lafiya daga Nijar da Najeriya, mafi yawansu Musulmi, sun yi ta zuwa tun daga lokacin. A Danja, kudu da Maraɗi, an buɗe wurin jinyar kutare a shekarun 1950, lokacin da dangi ma ke gudun mai wannan ciwo. A 2012 aka ƙara cibiyar aikin yoyon fitsari, don matan da doguwar naƙuda ta raunata har mazajensu suka guje su. Wanke gyambon kuturu ba sana'ar da ke sa a yi suna ba ce. Ga masu wannan aiki, macen da ta koma ƙauyensu a bushe, ta sake zama cikin mata a gidan biki, ita ce ribar shekara.

Gwaji mafi tsanani ya zo a ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, lokacin zanga-zangar nuna fushi da zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta Faransa. A Damagaram da Yamai mutum 10 suka rasu, hukuma kuma ta ce an ƙone majami'u 45 a Yamai kaɗai. Kiristocin Nijar ba su da hannu a zanen. Shugabanninsu suka fito suka yi kira ga yafiya, ba ramuwa ba. An kuma samu Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci cikin gidajensu har ƙura ta lafa. In aka tambayi tsofaffin majami'u ina ƙarfin Ruhu ya bayyana a tarihinsu na kusa, irin wannan rana suke nunawa, ranar da mutum ya tsaya kan tokar ɗakin ibadarsa bai ɗauki dutse ba.

Abin da za mu koma da shi rumfa

Ba mu rubuta wannan don mu sauya wa kowa addini ba, kowa da alƙiblarsa. Mun rubuta ne don a gane cewa wanda ya zo da sunan Yesu yana neman rabin jarinki kafin Allah ya dube ki, Hajiya ko Madam, littafin da ke hannunsa ma bai goyi bayansa ba. Haka nan wanda ya zo da wani suna daban, da ƙwarya ko da laya.

Ga tambayoyi huɗu da ya kamata a yi kafin a kwance bakin zane. Shin an sa wa addu'ar farashi? Shin in abin bai yiwu ba, wa za a ɗora wa laifi? Shin ana sanin inda kuɗin da aka tara ke tafiya, akwai masu lissafi ban da mai wa'azin da iyalinsa? Shin mai maganar yana tambayar yadda kike awo da yadda kike biyan bashi, ko kuwa abin da kika kawo kaɗai yake tambaya? Baiko da sadaka da zakka suna da wurinsu, kuma mai bayarwa don Allah ba ya jiran rasit. Amma jari amana ce, akwai bakin yara a bayansa.

Mata da yawa a ƙasar nan sun riga sun san wata hanya. Tun 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, inda ake zuba kaɗan-kaɗan duk mako cikin akwati, a ranta wa juna, a raba a ƙarshen zagaye. Musulma da Kirista suna iya zama tabarma ɗaya a irin wannan taro, kowace ta yi addu'arta, akwati kuma a buɗe shi gaban kowa.

A koyarwar Kirista da muka bibiya, za a iya samun mai babban shago da ya ci nasara, za a iya samun mai faranti ɗaya na gyaɗa da ta fi shi. Abin dubawa shi ne tiyarta cikakkiya ce, bashin da ta ci ta biya, marainiyar da ke gidanta ta ci ta ƙoshi, kuma ranar da kasuwa ta ƙi ba ta saki Allah ba. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi ke dafa dutse har ya sha romonsa.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mu da gobara da bashin da ba ya biyuwa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun sake haɗuwa a wannan fili.